Martani: Matsuko Ba 'Yar Dambatta Ba Ce

A fitowar da ta gabata wani marubuci ya ba da labarin wani fim na ƙasar Japan da ya ce ya hana shi barci. Sunan fim ɗin Kiraware Matsuko no Issho, wato rayuwar Matsuko abar ƙi, wanda Tetsuya Nakashima ya ba da umarninsa a 2006, daga littafin da Muneki Yamada ya fitar a 2003. Da a nan malamin ya tsaya, da babu mai tanka masa, domin fim ne da ya isa ya hana mai imani barci. Amma sai ya sunkuci Matsuko daga bakin kogin Arakawa na birnin Tokyo, ya dire ta a ƙauyukan Dambatta da Makoɗa da Bichi, ya ce babu unguwar da ba ta da irinta. A cewarsa haka zuciyar mace take ko'ina, ba ta ganin kanta da daraja sai a idon namiji, ko da namijin nan jibgarta yake yi safe da yamma. Ya kafa hujja da matan da ke yin yaji su koma, da Rabi ta cikin Alhaki Kwikwiyo, da dubban zawarawan da ke karɓar fom a ofishin Hisbah. Magani kuma, in ji shi, a tara mata a yi musu lacca kan sanin darajar kai.

Tausayin malamin na gaske ne, babu mai musun wannan. Sai dai fim ɗin a gurguje ya kalle shi, ƙauyen kuma ta tagar mota ya hango shi.

Matsuko Kawajiri ta tashi a yankin Fukuoka, a gidan da hankalin uba ya tattara kacokan a kan ƙanwarta Kumi, wadda ciwo ya kwantar tun tana ƙarama. Yarinya ta gano cewa idan ta yamutsa fuska ta turo baki, uban nan mai ɗaurarriyar fuska yakan yi dariya, sai abin ya bi jikinta har girma. Wannan ɓangaren malamin ya riƙe shi, kuma yana cikin fim ɗin. Abin da ya tsallake shi ne abin da ya zo a tsakiya. Matsuko ta yi karatu, ta zama malamar makaranta, tana cin albashinta, ɗalibai suna ji da ita. A farkon shekarun 1970, wajen wata tafiya da makaranta ta shirya, aka yi sata a masauki, aka zargi ɗalibinta Ryu. Don ta rufa wa yaro asiri ta ɗauki laifin a kanta, gyara ya zama kwaɓa, aka raba ta da aikin. Kunya ta fitar da ita daga gidan ubanta a kan keke. Bayan 'yan watanni uban ya rasu, daga baya kuma ƙaninta ya gaya mata baki da baki cewa kada ta sake taka ƙofar gidansu.

Sai bayan ta rasa aiki ta bar gida mazan suka fara shigowa. Wani marubuci mai duka wanda a ƙarshe ya faɗa gaban jirgin ƙasa, abokin hamayyarsa mai mata wanda ya ɗanɗana ya watsar, gidan karuwai, kawalin da ya cinye kuɗinta har ta kashe shi, shekara takwas a kurkuku, mai askin da ta fito ta tarar ya yi aure har da ɗa, sannan Ryu ɗin nan da ya dawo mata a matsayin ɗan daban yakuza. Wanda ya bi jerin a tsanake zai ga aiki ne ya fara tafiya, gida ya bi bayansa, dangi suka sa sakata. Mazan sun zo ne suka tarar da kango, kango kuwa kowane kare yana kwana a cikinsa.

Ƙarshen fim ɗin ma bai goyi bayan malamin ba. Matsuko ta koyi gyaran gashi a kurkuku, kuma ta ƙware. Bayan ta yi shekaru a kulle cikin ɗaki da tulin shara, sai ta haɗu a asibiti da ƙawarta ta gidan yari, Megumi, wadda ta miƙa mata katin adireshinta ta ce ta zo akwai aiki. Ta jefar da katin, cikin dare kuma ta canza shawara ta fita nemansa a ciyawar bakin kogi. Ta same shi. A nan wasu yara 'yan makaranta da ta ce su tafi gida suka buge ta da sanda, ta mutu a 2001 tana da shekara 53, katin yana hannunta. A hoton ƙarshe tana hawa matakalar gidan ubanta, a sama kuma ba saurayi ne ke jiranta ba, Kumi ce take yi mata sannu da zuwa. Tun kafin nan an nuna littafin da uban yake rubuta al'amuran yininsa, inda kullum yake rufewa da cewa yau ma ba a ji ɗuriyar Matsuko ba. Mai fim ya faɗi abin da matar nan ta rasa a fili: sana'a, ƙawa, da ƙofar gida a buɗe. Miki Nakatani, wadda ta fito a matsayin Matsuko, ta karɓi kyautar gwarzuwar jaruma ta Japan a 2007, kuma kallo ɗaya ya isa a san dalili. Su ma mutanen Japan sun san ciwon da ake nuna musu, tunda suna da suna na musamman ga mutuwar kaɗaici, kodokushi, a 2021 kuma sai da gwamnatinsu ta naɗa ministan da zai kula da matsalar kaɗaici.

To, a ɗauki wannan a aza a kan ƙauyen da ke tsakanin Dambatta da Makoɗa, a ga ko zai zauna.

Ƙasa ce da mutane suka yi wa yawa tun kaka da kakanni. Tun a 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson suka rubuta yadda manoman kewayen Kano ke noma gona ɗaya kowace damina ba tare da sun bar ta ta huta ba, abin da masana na lokacin suke ganin ba zai ɗore ba. Ya ɗore. Gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, gawo da kuka da ɗorawa tsaye a tsakiyar gona, lalle a kan iyaka, taki kuma daga turken awaki da tumaki da ake ɗaurewa a gida duk damina ana ba su harawa. Wanda ya tambayi na waye awakin nan, zai ji da yawansu na matan gida ne. Takin da ke raya gonar maigida, kenan, daga dukiyar matarsa yake fitowa, ita kuwa akuyar in ta haihu babu ruwansa da 'ya'yanta.

Wannan rabuwar aljihu ita ce abin da ba a hangowa daga titi. A shari'a da al'ada, ci da sha da sutura da wurin kwana suna wuyan miji, abin da mace ta nema kuma nata ne. Ba ta sauya sunan ubanta don ta yi aure, alhali a Japan har gobe doka ta wajabta wa miji da mata suna ɗaya, kuma kusan kullum macen ce ke barin nata. Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, daga baya ta koma Ɗorayi ta Kano, ta yi mamakin yawan cinikin da ke gudana bayan katanga har ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Mata suna cikin kulle, amma hatsi da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daddawa da fura da ɗanwake suna yawo gida-gida a kan kawunan yara. Yau an ƙara da awara da taliyar murji, wayar hannu kuma ta rage wa yara zirga-zirga. Akwai adashi, akwai biki, wanda bashi ne da ake biya da riɓi ranar suna ko aure, kowace mace tana riƙe da lissafinsa a ka ba tare da alƙalami ba. Ba baƙon abu ba ne maigida ya ranci kuɗin taki a hannun matarsa, kuma ranar biya ba ta yafe ko sisi. Macen da ke bin mijinta bashi tana iya zama cikin matsaloli iri-iri, amma da wuya a ce ba ta san nauyin kanta ba.

Akwai abin da ya kamata a faɗa a nan, ko da bai yi daɗi ba. Wannan 'yancin aljihu ba kyauta yake zuwa ba, 'yar talla ce ke biyan kuɗinsa. Enid Schildkrout, wadda ta bi sawun yara 'yan talla a birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matar kulle ta rataya a ƙafar 'yarta, da yadda makarantar boko ta kowa da kowa da aka ƙaddamar a 1976 ta zo tana jayayya da farantin talla. Uwa tana tara kayan ɗakin yarinya da gumin yarinyar, aji kuma yana zaune babu ita. Da a kan wannan malamin ya yi kuka, da an taya shi.

Sai batun yaji, wanda ya ɗauka a matsayin shaida mafi ƙarfi. Yana ganin mace ta fita da kuka, bayan kwana goma ta koma, sai ya ce zuciya ce ta kasa. Bai shiga zauren da aka yi zaman ba. Yaji hanya ce ta ɗauke magana daga ɗaki, inda namiji ke da rinjaye, a kai ta zaure, inda ubanta da baffanninta ke zaune. Miji ba ya zuwa biko shi kaɗai. Sai ya nemi wani babba, ko liman ko mai unguwa ko yayan mahaifinsa, a ɗauki goro, wani lokaci har da turmin atamfa. A nan ake zazzage komai: cefanen da ba ya isa, sabulun da ake wata ba a gani ba, hannun da aka ɗaga. Surukin da ke hura hanci a gidansa sai ga shi a gurfane, kai a ƙasa, yana cewa, “Baba, a yi haƙuri, ba za a ƙara ba.” In ta koma, da sharaɗi ta koma, kuma da shaidu. Matsuko da ta sami zaure ɗaya irin wannan, da fim ɗin bai kai awa biyu ba.

Harshen ma ya tona asiri. Idan uwa tana lallashin 'yarta, abin da take cewa shi ne, “Haba 'yar nan, ki yi haƙuri ki koma ɗakinki, ko don 'ya'yanki.” Ɗakinki, 'ya'yanki. Mijin bai ma fito a jimlar ba. Idan aure ya gyaru a ce ta koma ɗakinta, idan ya mutu a ce ta fita. Macen da ta shekara ashirin da mutumin da ba ya ko kallonta, in ƙawarta ta tambaye ta, takan ce, “Ke dai bari, zaman 'ya'ya nake yi.” Ba ta ɓoye wa kanta komai ba, ta san abin da ya zaunar da ita, kuma ba so ta kira shi ba.

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi, kuma a wannan yanki ana iya auna shi da ƙafa. Gidan uba a buɗe yake, gaskiya ne, amma ɗakin da ta bari ranar da aka kai ta, yanzu matar yayanta ce a ciki. Rumbun da zai ciyar da ita na yayan ne, wanda shi ma gonar da ya gada ba ta kai wadda ubansa ya noma ba, domin kowane rabon gado ƙara yanka ta yake yi. In sakin ya faɗo a watan Yuli ko Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, kowace loma da bazawara ta kai baki akwai idon da ke ƙirga ta. Tana da gado a gonar ubanta, rabin abin da namiji ya samu, amma sau da yawa takan bar shi a hannun 'yan'uwanta maza, ba don wauta ba, sai don ranar irin wannan ta sami bakin cewa ta dawo gida. In kuwa mutuwa ce ta raba, tumunin takaba kashi ɗaya ne cikin takwas idan akwai 'ya'ya, in su huɗu ne kuma su raba shi, kowace ta tashi da ɗaya cikin 32 na gonar da dama ba ta taka kara ta karya ba.

Mafi zafi duka shi ne 'ya'ya. Duk almajirin da ya karanta Risala a zaure ya san mazhabar Malikiyya ta bai wa uwa riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta tare a gidan mijinta, ciyarwa tana kan uba. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙi ta hana a fitar da mace daga ɗakinta lokacin idda. A aikace fa? Ana miƙa takarda da hantsi, kafin la'asar dangi sun zo da a-kori-kura sun kwashe gado da katifa da samira da kwalla, goyo ya bi uwa, da an yaye shi kuma uba ya aiko a karɓe shi a kai wa kishiya ko kaka. Macen da ta san haka za ta kasance, ta haɗiye baƙin cikinta ta zauna, malam ya ce ba ta san darajar kanta ba. Lissafi ta yi, kuma lissafin nata daidai ne.

Hausawa ma sun daɗe da yin gwajin da zai raba gardamar. A duba macen da ta mallaki gidanta, ta gado ko ta guminta, 'ya'yanta sun girma. Irin wannan in za ta sake aure, sau da yawa auren jeka-da-kwarinka take yi, wanda wasu ke kira ɗauki-sandarka: tana zaune a gidanta, mijin ne ke zuwa, ranar da ya kawo raini kuma shi ne zai nemi takalminsa. Zuciyar dai ita ce ta mace, halittar ba ta sauya ba. Abin da ya sauya shi ne mai katangar. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a tsakanin 1949 da 1950 aka buga shi a 1954, aure huɗu ta yi, ba ta taɓa haihuwa ba, na farko kuma, wanda aka yi mata da ɗan'uwanta ba da son ranta ba, ita ta fita daga cikinsa. A labarinta ƙawaye da 'ya'yan riƙo da dangi sun cika shafuka fiye da mazajen. An haife ta a ƙarni na 19, babu wanda ya taɓa yi mata lacca.

Rabi kuwa, malamin ya zalunce ta fiye da yadda mijinta Alhaji Abdu ya yi. Labarin na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ne, Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, Abdulkarim Muhammad ya shirya shi fim a 1998, a 2012 kuma kamfanin Blaft na Indiya ya buga fassarar Ingilishi da Aliyu Kamal ya yi. Rabi tana da 'ya'ya tara. Tun tana ɗakinta ita ke cike giɓin cefanen da mijin ke bayarwa da ƙyar. Ya auro Delu, rikici ya tashi, ya kore ta da yaranta. Ba ta zauna a bakin ƙofarsa tana kuka ba. Ta ɗora tukunya ta shiga sayar da abinci, ta riƙe yara, ta aurar da 'yarta Saudatu ga mai hali. Gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, Delu ta ci amanarsa, ya dawo hannu rabbana. A littafin Rabi cewa ta yi ba ta komawa. Mazan da ke kewaye da ita, 'yan'uwanta da surukinta, su suka taru suka danne ta har ta amince, ta karɓi mutumin da yanzu ita za ta ciyar. A wannan labari akwai wanda ba ya iya rayuwa sai da wani, amma ba Rabi ba ce.

Marubuciyar ta san abin da take faɗa. Ƙanwar Janar Murtala Muhammad ce, amma an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara 13, auren ya mutu, ta koma karatu a ajin yaƙi da jahilci na manya a Kano. Littafinta Wa Zai Auri Jahila? labarin 'yar ƙauye ce, Abu, wadda aka cire daga aji, saurayinta ya guje ta don ba ta yi boko ba, aka ba tsoho Sarkin Noma ita. Ta gudu birni wajen 'yar'uwar iyayenta, ta yi karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Abu da Matsuko hanya ɗaya suka bi, sai dai ɗaya tana hawa ɗaya tana sauka: wannan ta sami dangin da suka buɗe mata ƙofa sannan ta sami aiki, waccan ta rasa aiki sannan dangi suka rufe.

Layin ofishin Hisbah ma a dube shi da kyau. A watan Janairun 2009 ƙungiyar zawarawa da marayu ta Hajiya Altine Abdullahi ta shirya zanga-zanga a Kano kan yadda ake sakin mata a watsar da su da yara, Hisbah ta hana. Matan da ba su san ciwon kansu ba ba sa shirya zanga-zanga. A 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, aka fara auren zawarawa da ma'aurata 100. A watan Oktoban 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da 1,800, ta biya sadakin naira 50,000 ga kowace amarya, ta ba da gado da katifa da kayan abinci, da jarin naira 20,000. Ko mutum yana yabon shirin ko yana sukarsa, jerin kayan ya nuna abin da gwamnati da kanta ta fahimta. Katifa da jari aka raba. Yarinyar da ta zo daga Tsanyawa ko Bagwai ta cike fom, sau da yawa da manemin nata ta zo, kayan ɗakin da ubanta ya kasa yi ne suka tsayar da maganar shekara biyu.

Ba a ce babu masu irin ciwon Matsuko a ƙasar Hausa ba. Akwai su. Akwai wadda ta sayar da akuyarta ta kai wa boka don a mallake mata miji, akwai wadda kishi ya kai ta ga aika-aikar da ta ƙare a gaban alƙali, akwai wadda ake duka tana ɓoye tabo ko ga uwarta. Al'umma kuma tana da nata laifin, domin bazawarar da ta shekara biyu ba ta yi aure ba sai an fara yi mata kallon biyu ahu, ko da ita ke ciyar da gidan. Da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya kawo batun kundin dokar iyali a 2017, da nufin taka wa dukan mata da ƙarin aure ba hali birki, hayaniyar da ta tashi ta nuna inda gizo ke saƙa. Amma ciwon da ya kama wasu ba halittar kowa ba ce, kuma ko a fim ɗin Japan ɗin, ga Megumi nan a gefe, mace ce ita ma, kurkuku ɗaya suka kwana, ta fito ta kafa kamfaninta.

Inda malamin ya kusa kama gaskiya shi ne batun fina-finanmu, sai dai ya juya hujjar a baibai. Tun daga Sangaya, inda darajar Zubaina 'yar aikin gidan sarauta ta rataya ga ranar da Yarima zai dube ta, Kannywood ta saba da mace mai jira: tana falo, ta ci kwalliya, waya a hannu, hawaye na zuba, waƙa na tashi. Salon daga Indiya aka aro shi, kuma yana sayuwa. Kyamara tana son falo da hawaye, ba ta son hayaƙin suyar ƙuli-ƙuli, ba ta kuma san yadda za ta ɗauki lissafin adashi ya yi armashi ba. Matan Minjibir da Gezawa suna kallon waɗannan fina-finai a wayar da aka tura musu a shagon caji, ko a Arewa24 in an sami wuta, suna share hawaye, sannan su tashi su duba ko gyaɗa ta soyu. Wanda ya ɗauki abin da suke kallo ya ce su ne, kamar wanda ya ga manomi yana kallon kokawar Turawa ne ya ce ɗan dambe ne.

Kuma ko a fina-finan Indiyan, a tuna wanda ya fi daɗewa a zukatan mutanen Kano. Mother India ne na 1957, wanda aka yi shekaru ana maimaita shi a silimun birni mutane suna cika wuri. Radha, wadda Nargis ta fito a matsayinta, mijinta ya rasa hannuwansa ya gudu ya bar ta da yara da bashin Sukhilala. Ta ɗauki garma da kanta. Manoman ƙasar Kano sun gane gonar, sun gane mai ba da bashin, sun gane matar, domin akwai irinta a bayan katangarsu. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta shekara da shekaru tana kiɗan ƙwarya a gidajen biki tana zuga mata su kama sana'a, tana yi wa mai zaman jiran miji ba'a, matan kuma suna yi mata liƙi da kuɗin da suka nema da hannunsu. Laccar da malamin ke shirin kawowa an riga an yi ta, da amshi da guɗa.

Abin da bazawarar Makoɗa za ta iya amfani da shi ba ya da wuyar faɗa: alƙalin da zai bar mata 'ya'yanta kamar yadda Risala ta ce, ya kuma tilasta wa uban ciyarwa, 'yan'uwan da za su auna mata gonarta su sa iyaka, ajin da 'yarta za ta zauna ba tare da tukunyar uwar ta mutu ba. Waɗannan kuwa maza ne ke riƙe da su, a kotu da zaure da majalisa, kuma rubutun malamin bai nemi a tara su ba ko sau ɗaya.

In duk da haka ya dage sai ya yi taron nasa a ƙasar Dambatta, to kada ya sa shi ranar Asabar. Jajibirin kasuwa ne, ana matsar mai, ana ƙulla daddawa, ana ɗaure ɗan akuyar da yaro zai ja da asubar Lahadi, kuma uwar adashi tana jiran zubi kafin magariba.